Farin Wandona da Motar Kawu Arzika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na tsaya gaban jama'a na faɗi shekarun wata mota, na yi kuskuren shekara goma sha shida cif. Yau in na ba jikokina labarin dariya suke yi, ni ma in taya su, amma Allah ya sani tawa dariyar iyakarta haƙori.

Lokacin shekara huɗu ke nan da samun 'yancin kai. Ina saurayi, ina aiki a Tahoua, a ofishin da ake yi wa motoci takardu. Ni komi ne, wato akawu, kuma sunan ya bi ni har ya danne na yanka, kowa Komi, Komi. Baturen da ya riƙe teburin kafin ni ya tafi ya bar wani ɗan littafi mai baƙin bango a cikin durowa. A cikinsa an jera kowace irin mota da lambobin shasinta: daga lamba kaza zuwa lamba kaza, an ƙera su shekara kaza. Shasi kuwa shi ne dogayen ƙarafan nan biyu na ƙasa, waɗanda inji da kan mota da bodi duk suke zaune a kansu, ƙashin bayan mota ke nan. In ka sami lambarsa, ka buɗe littafin, ka bi layi da yatsa, shi ke nan ka san shekarar da aka haifi mota. Aikin da ɗan aji uku zai yi yana cin gyaɗa. Amma ni sai na mai da shi wani babban asiri, ban taɓa bari wani mahaluki ya leƙa littafin nan ba. (Har tela na sa ya faɗaɗa mini aljihun taguwa don ya zauna daidai, bakinsa ya ɗan leƙo, a gani a tambaya.)

Ga kuma ado. Farin wando, farar taguwa, fararen takalman da nake goga wa alli kowace safiya. A Tahoua fa, garin da ko gaisawa ka yi da ƙasa sai ta bar maka shaida. In zan zauna sai na shimfiɗa hankici. In jaki ya taho sai in tsallaka wancan gefen hanya. Kai, na yi wauta a duniya.

Kawu Arzika ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne ubana, don nawa ya rasu ban fara tafiya ba. Da aka zo ƙauyenmu, can bayan Takanamat, ana neman yaron da za a kai lakwal, wato makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa a rumbu, sai aka miƙa maraya. Mata suka riƙa shigowa suna yi wa innata gaisuwa kamar an yi mutuwa. Kawu kaɗai ya ce wa ya sani, wataƙila da alheri a ciki. Duk wata sai ya ɗaura wa jaki garin hatsi da cuku, ya yi kwana biyu a hanya ya kawo mini, ya zauna bakin ƙofar lakwal yana kallona ina ci. Bai san ko bihim ba, amma in na karanta masa rubutun jikin gwangwani sai ya riƙe baki yana salati.

Dukiyarsa duka shanu ce, jajayen nan na Azawak. Ba garken a zo a gani ba ne, amma shi ke riƙe da gidaje uku, har da na innata. A cikinsu akwai wata da muke kira Mai Goshi, saboda farin da ke gabanta. Nonon uwarta aka yaye ni da shi. Kawu yakan yi hira da saniyar nan fiye da yadda yake yi da mutane.

To, damina biyu a jere ba su yi kirki ba, ya ga shanun maƙwabta suna faɗuwa, tsoro ya kama shi. Ya kuma ga yadda mutanen yankinmu ke kwana uku bakin hanya da fatu da buhuna suna jiran mota ɗaya. Sai ya ƙulla a ransa zai sayar da shanu ya sayi babbar mota, ta riƙa jigila tsakanin Tahoua da Afala da Takanamat. "Saniya tana mutuwa," in ji shi, "ƙarfe ba shi mutuwa."

Ran wata Lahadi sai ga shi a ƙofar ɗakina da sandarsa. Ya koro shanun duka, suna can kara, kasuwar shanu, ana tsaronsu. Wani dillali da ake kira Na-Allah ya kawo mota daga bakin teku, yana cewa sabuwa ce dal. Kawu ya ce mini, "Ɗana, saniya in buɗe bakinta in ga haƙora, in san shekarunta. Wagga ba ta da haƙora. Kai za ka buɗe mini bakinta. In tsohuwa ce, in koma gida da shanuna. In sabuwa ce, a kora su duka, har Mai Goshi."

Kun ji fa abin da aka ɗora mini. Mai hankali da jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa kaina ne ya ƙara girma, na shiga na sake guga.

Motar tana tsaye a wani garaji kusa da kasuwa, koriya shar, fenti sai ƙyalli yake. Jama'a sun kewaye ta, don a zamanin nan sayen mota abin kallo ne. A cikin 'yan kallon har da wata mai fura da na yi wata uku ina sayen furarta ba don yunwa ba. Na iso ina taku ɗai-ɗai, aka dare mini. Na buɗe ƙofar direba, ga ɗan allon tagulla nan a jikin kan motar, da lamba a rubuce raɗau. Na karɓi takardun motar daga hannun Na-Allah, na gwada, lamba ɗaya ce, ba ko ɗigon bambanci. Sannan na zaro littafina a hankali, na juya wa mutane baya kaɗan, na bi layi da yatsa. Na rufe, na yi gyaran murya. Na fara faɗa da Faransanci (wanda duk wurin ba mai ji sai ni), sannan na sauko na ce, "Shekararta biyu da ƙerawa. Yarinya ce."

Na-Allah ya ɗaga hannu sama. "Kun ji ko! Ba ni na faɗa ba, takarda ta faɗa."

Sai wani ya ce daga baya, "Komi, ba ka gama ba."

Nomau ne, mai garajin. Maƙeri ne ɗan maƙeri, ya baro gyaran garma da lauje ya koma gyaran mota, dattijo gajere, tufafinsa ba ka sanin asalin launinsu. Ko harafi ɗaya bai sani ba. Yana riƙe da 'yar guduma, ya matso ya ƙwanƙwasa allon tagullar da farce.

"Allon ga, ƙusa huɗu ke riƙe da shi, kuma ƙusoshin sun fi shi sabunta. Ko a ƙofar gidana sai in liƙa shi. Lambar gaskiya tana ƙasa, an buga ta cikin ƙarfen shasi, bayan tayar gaba. An shafe wurin da kwalta. Ni in kankare maka, kai ka kwanta ka karanta. Na buga ƙarfen da guduma ɗazu, amon da ya ba ni bai yi mini ba."

Na dubi ƙarƙashin motar. Baƙin mai ne kwance, ya haɗu da kashin awaki da ruwan wanke-wanke, ya yi wani irin kirtif. Na dubi wandona. Na saci kallon mai fura, ita ma ni take kallo. Wallahi abin da ya yanke hukuncin ke nan, ba wani abu ba. A kaina a lokacin, ɗan lakwal ba ya birgima a ƙasa gaban mutane, balle a ce maƙeri ne ya ba shi umarni.

Na yi wata 'yar dariya na ce, "Nomau, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai ka iya bugun ƙarfe, ni na iya karanta shi."

Wurin ya ɗauka da dariya. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Nomau ya juya wurin Kawu. "Arzika, kar ka yi gaggawa. Ka bari a duba ƙasa."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya dafa kafaɗata. "Nomau, na gode. Amma don irin ranar ga na kai shi lakwal. Abin da ya ce, shi ke nan."

Kafin la'asar an kora shanun. Ban je kara ba, amma an ce mini Kawu ya daɗe tsaye yana shafa goshin saniyar nan, sannan ya juya bai waiwaya ba.

Kwana uku bayan haka muka ɗauki hanyar gida. Na nemi izini a wurin aiki, don ai ba za a yi shagalin ba ni ba. An loda gishiri da sukari da buhunan kaya, mutane suka hau bisa. Ni da Kawu muna gaba kusa da direba, na shimfiɗa hankicina. Muna shirin tashi sai ga Nomau ya jefa sarƙa da guduma da wasu ƙarafa cikin bodi, ya haye. Na leƙo na ce wa ya gayyace shi. Ya ce, "Ba kowa. In ta kai, in sha fura in yi murna. In ba ta kai ba, a same ni kusa." Na ce a raina baƙin ciki ne kawai irin na tsofaffi.

Har muka wuce Afala lafiya lau. Kawu sai murmushi yake, yana ɗaga wa makiyaya hannu, ko ya san su ko bai san su ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ban sake ba.

Kafin ka shiga ƙauyenmu akwai ƙorama. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, saboda haka akwai laka da ɗan ruwa iya ƙauri. A wancan ƙetaren kuwa gari ne ya fito kaf. Ga makaɗi, ga mata suna guɗa, ga innata ta sha sabon zane. Tun daga nesa nake jin maroƙi yana wasa Kawu, sannan ya dawo kaina: "Ina Komi, mai karanta ƙarfe! Ɗan marayan da ya buɗe bakin mota!" Na gyara zama, na fito da gwiwar hannu ta taga don a gan ni da kyau.

Direba ya gangara a hankali. Tayoyin gaba suka fara hawa wancan gefen, na baya suna cikin laka, ya taka mata wuta. Sai muka ji ƙas! Ƙara ɗaya tak, ba ma mai ƙarfi sosai ba. Kujerar da muke kai ta kwanta baya, na ga sararin sama ta gilashi. Motar ta karye a tsakiya, cikinta ya dafe ƙasa, ta durƙusa kamar raƙumi. Mutanen bisa suka zubo, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwon kirki. Buhunan gishiri da sukari suka gangara cikin ruwa. Guɗa ta tsaya a maƙogwaro. Makaɗin ne kawai bai lura ba, ya ƙara bugu uku ko huɗu shi kaɗai kafin wani ya riƙe masa hannu.

Muna tsaye muna kallon buhunan suna shan ruwa suna lotsawa.

Nomau ya sauko, ya zaro wuƙa ya shige ƙarƙashin motar. Muna jin ƙarar kankara, ƙarat, ƙarat. Can ya fito da kai ya ce, a gaban uwata da garinmu duka, "Komi, na yi nawa, na buga. Saura karatu."

Ina zan gudu? Na durƙusa, na kwanta rigingine cikin lakar nan, na ja jiki. Sanyinta ya ratsa farin wando da farar taguwa har fata. Da idona ya saba da duhun wurin sai na ga abin da ko makaho zai gane da lalube: ƙarfen duk faci ne bisa faci, tsatsa ta cinye shi, an bi da kwalta an lulluɓe. Ga lambar nan inda Nomau ya kankare, an buga ta cikin ƙarfe, daidai inda ya faɗa tun farko. Ko kama da ta allon tagulla ba ta yi ba. Na zaro littafin, ya jiƙe, na bi layi da yatsa mai laka. Na wuce shafin da na buɗe a garaji, na koma baya, na sake komawa baya.

Shaiɗan ya raɗa mini cewa duk wurin nan ba mai karatu sai ni. In na ce lamba ɗaya ce, ƙaddara ce kawai, wa zai ƙaryata? Har na fara shirya maganar. Sai na ga ƙafafun Kawu sun matso, ya durƙusa cikin laka, tsoho da shi, ya leƙo da kansa.

"Ɗana, mi ka gani?"

Na faɗi shekarar da lissafin Nasara, a hankali, ina fatan ya tsaya nan. Ya ce shi bai san wannan ba, in gaya masa shekara nawa ke nan.

"Goma sha takwas, Kawu."

Ya shiga lanƙwasa yatsu, yana lissafi da damuna yadda suka saba. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai tuna wani abin daɗi, "Shekarar da anka yi maka kaciya ke nan. Ni na riƙe ka."

Na kusa da mu suka ji, suka gaya wa na baya. Wani tsoho ya ce, "Ashe bazawara ce anka yi wa lalle." Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Maroƙin kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba. Ni dai ina kwance, na ƙi fitowa. Na yi ta kallon lambar nan kamar zan sake gano wani abu, alhali kuka nake yi. Sai da Nomau ya kama ƙafata ya jawo ni waje. Na miƙe, laka tun daga ƙeya har dunduniya, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Na ɗaga ido muka haɗa da innata, ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya gida.

Daga baya Nomau ya warware mini yadda abin yake. Wata sabuwar mota ce ta yi hatsari can kudu, shasinta ya lanƙwashe. Sai aka cire kanta, da allonta, da takardunta, aka ɗora wa tsohon ƙashi, aka yi fenti. Littafina bai yi ƙarya ba, takarda ba ta yi ƙarya ba, allon ma gaskiyarsa ya faɗa. Shekarun kan motar kawai na karanta wa Kawu, ya sayar da garke.

Mun je wurin Na-Allah. Ko tashi bai yi daga tabarma ba. "Arzika, wa ya karanta, ni ko ɗanka? Ba gaban jama'a anka ce a duba ƙasa ya ƙiya ba?" Shanun kuwa tuni fatake sun yi kudu da su. Nomau ya yi kwana tara a ƙauyenmu yana ɗaure ƙarfen, bai karɓi ko ƙwayar hatsi ba. Motar ta tashi, ta yi tafiya biyu, ta sake karyewa a wani wurin. Ya ce wa Kawu ya haƙura, duk inda aka kama gaba ne zai saki. Aka jawo ta da shanun aro aka ajiye bakin ƙorama, awaki suka samu inuwa.

Kawu Arzika, mai garke, ya koma yi wa wasu kiwo. Kullum safe da yamma sai ya bi ta gaban gawar motar nan da shanun mutane. Nono ya ɗauke a gidaje uku. Innata ta yi wata biyar in na gaishe ta sai dai ta amsa da ka. Na so ƙwarai Kawu ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, da na sami sauƙi. Bai taɓa ba. In na zo gida ma sai ya sa a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, wai kar kayana su ɓaci, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Wannan ya fi duka ciwo. Sau ɗaya kawai na yi ƙarfin halin roƙonsa gafara, sai ya ce, "Ba komi, ɗana. Karatunka daidai ne. Sunkuyawa ce ba su koya maka ba, ni ma ban ce su koya maka ba."

Na tattara abin da na iya na saya masa karsana biyu. Ya yi murna, ya sa wa ɗaya suna Mai Goshi, ko da yake goshinta ja ne kamar sauran jikinta. Bai ga haihuwarsu ba, Allah ya karɓi abinsa a damina ta uku.

Na koma aiki na ɗinka kaki. Tun daga ranar, duk motar da aka kawo ofishinmu, ko ta wane ne, ko mai ita yana rantsuwa jiya ta sauka daga jirgi, sai na kwanta na shiga ƙarƙashinta da wuƙa. Direbobi suka sauya mini suna, na tashi daga Komi na koma Ƙadangare, kuma da shi na yi ritaya. Littafin ma na daina ɓoyewa, a kan tebur yake, duk mai so ya buɗe. In lamba ta yi mini gardama sai in aika a kira Nomau, in ba shi kujerata. (Mai fura kuwa wani direba ta aura, mutumin da kullum cikin baƙin mai yake. Ashe tun farko ba ruwanta da farin kaya.)

Abin da na koya bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in wanda ya san ƙarfe ya ce ka kwanta ka duba, to kwanta, ko rigar sallah ce a jikinka. Don farin wandon nan da na tsare wa mutunci har garken Kawu ya tafi, washegarin ranar ƙorama matar Kawu ta ɗauke shi ta kai rijiya. Da guntun sabulu, wanki ɗaya, ya fita tas.